Motar da Alhaji Bawa Ya Ɓoye a Gidana

Da wuya mako ya wuce wani saurayi bai tsaya a ƙofar gidana ya miƙo mini waya ba, wai in ga yadda wani ya gyara casis ɗin mota cikin minti goma. Nakan karɓa in duba. Kullum abu ɗaya nake gani: ƙarfe mai tsabta, wutar da ba a ɗaukewa, da mutumin da ya riga ya san abin da ke cikin motar kafin a fara ɗaukarsa. Daga nan sai saurayin ya ce in koya masa, wata uku ya isa. To ku zauna ku ji, tunda kun tambaya.

Sunana Garba. A Argungu na koyi walda, a hannun Baba Manu, na kuma shekara tara a wurinsa kafin in dawo Birnin Kebbi. Tun da aka faɗaɗa titi aka tashe mu daga bakin hanya, a gida nake aiki, a filin da ke tsakanin zaure da ɗakuna. Ina yin ƙofa da taga kamar kowa, amma abin da aka san ni da shi shi ne casis na motocin shiga fadama. Casis, ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, wasu dogayen ƙarafa biyu ne da suka taso daga gaba har baya, cikinsu rami kamar akwati. Inji a kansu yake, bodi a kansu yake, sifirin a jikinsu yake. In ɗaya ya karye a kan gudu, direba ba shi da abin yi.

Shekarata ta farko a wurin Baba Manu ban taɓa sandar walda ba. Guduma ya ba ni da buroshin waya. Zan kwanta ƙarƙashin mota ina ƙwanƙwasa casis taki bayan taki, shi yana zaune a kan benci yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsawo. Wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji kamar ka bugi buhun gero. In na wuce wuri ban tsaya ba sai ya ce, "Koma baya." In na koma sai ya miƙo mini sukundireba, in danna, in ga ta shige kamar cikin kabewa. Motocinmu daga ciki suke ruɓewa. Laka ta shiga ramin casis a fadama, ta kwanta, ta shekara ba ta bushe ba. A ɗora buhunan takin zamani a sama, ruwansu ya tsiyaya. Daga waje fenti yana ƙyalli. Shi ya sa har yau ban yarda da fenti ba, ban kuma cika yarda da wanda ya zo yana yabon motarsa ba.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo ne bayan an gama yankan shinkafar damina. Wani mai sayen shinkafa da albasa, ana ce masa Alhaji Bawa, mutumin wajen Ambursa, ya zo da wata tsohuwar jif mai buɗaɗɗen baya. Na san shi sama-sama, na taɓa yi masa ƙofar sito. Abu na farko da na lura, bai tsaya a ƙofar gida ba kamar kowa. Sai da ya sa aka buɗe babban ƙyaure aka shigar da motar har ciki, sannan ya ce a rufe.

Na ce, "Alhaji, waje ya fi haske."

Ya ce, "A'a, bar ta nan ciki, Malam Garba. Kwanan ga nis saye ta, ashe ta ɗan yi tsatsa ƙasa. In abokan kasuwa sunka gane ta ga mai walda, dariya za su yi min. Ka ɗan liƙe min wurin, ka shahe da baƙin fenti, shi ke nan."

Na tambaye shi aikin da zai yi da ita. Ya ce 'yan ƙwadago zai riƙa kaiwa Zauro. Na tambayi wurin wanda ya saya. Ya ce wani ne can. Na ce ina takardu? Ya ce suna gida, zai kawo. Duk amsar da ya ba ni gajera ce, idonsa kuma yana kan ƙyaure.

Wanda ya ce ka liƙe ka shafe bai zo gyara ba. Duk da haka na karɓa, na ce sai na duba tukuna.

Washegari na kira Isiya, bakaniken da muke unguwa ɗaya, muka cire batir, muka sauke tankin mai muka kai shi can bayan gida. Wannan shi ne abin da ba a nuna muku a waya. Na san mutumin da ya kunna walda kusa da tankin da aka ce masa babu komai a ciki, bai sake walda ba. Muka kwance bodin baya, muka ɗaga shi muka ɗora a kan ganguna, casis ya fito fili. Na ɗauki guduma.

Daga gaba har wajen kujerar direba ƙarfen yana amsawa. Daga nan sai sautin ya mutu. Na sa giranda, injin gugar ƙarfe, na fara share baƙin fentin, sai ga farin gari yana tashi. Fotin masu gyaran bodi ne, an cika shi da kauri kamar yaɓen ɗaki. Wa ke sa foti a casis? Na ci gaba da sharewa. A ƙarƙashin fotin akwai gwangwani, irin na man gyaɗa, an buɗe shi an manna. A ƙarƙashin gwangwanin kuma sai ga tsohon ɗinkin walda, ya zagaye ƙarfen gaba ɗaya, sama da ƙasa da gefe da gefe. Na zaga ɗaya ɓangaren na share. Nan ma haka, daidai wuri ɗaya. Kusa da ɗinkin ƙarfen ya zama kamar rariya, a gefen dama har ya fara tsagewa, tsagar ta kai tsawon yatsa.

Isiya ya durƙusa ya duba. Sannan ya ce, "Wagga ba mota guda ba ce. Biyu ce anka haɗa."

Na riga na gani. Ƙarfen gaba da na baya ko kauri ba ɗaya ba ne.

Isiya ya rage murya. "Ka san su wa ke yin haka. A sato mota, a yanke gaban mai lamba, a ɗinka na wata. In anka zo anka ishe ta cikin gidanka, ƙyaure rufe, giranda ga hannunka, mi za ka ce?"

Na leƙa gaban motar. Lambar casis tana nan a gaba, ban ga alamar an taɓa ta ba, amma wannan bai wanke kowa ba. Isiya ya wanke hannu ya tafi, bai ko tsaya shan ruwa ba. Matata Asabe ta ji komai daga bakin ɗaki. Ta ce, "Malam, ka kira shi ya zo ya kwashi kayansa yau." Na kira. Wayarsa a kashe. Na sake kira bayan azahar, a kashe. Kwana biyu haka. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai na fita da kaina na tare shi a waje, har mai kawo mana ruwa.

A kwana na biyu na sake kwanciya ƙarƙashinta, na goge ɗinkin da buroshi sosai, don in ga irin hannun da ya yi shi. Kowane mai walda yana da hannu, kamar rubutu. Wani ɗinkinsa tsalle-tsalle, wani kamar an jera ƙwayar shinkafa. Wannan mai kyau ne, daga ƙasa aka hau da shi sama a natse. A can ƙarshe, inda aka ɗaga sanda, sai na ga an ɗan komo baya an lanƙwasa, kamar ƙugiya. Na san wannan ƙugiyar. Baba Manu ne yake rufe ɗinki haka, don kada ƙarshen ya bar rami tsaga ta fara daga nan. Ban taɓa ganin wani gareji da ake yin ta ba sai namu.

Na zauna a ƙasa ina lissafin mutumin da na shekara tara ina ci a kwanonsa. Na tuna akwai motocin da ake kawowa ya ce in tafi kasuwa sayen sanda, in dawo in tarar an fita da su. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Yanzu kowacce sai ta dawo mini da wata fuska.

Abin da na yi bayan nan ba daidai ba ne a sana'a, kada ku koya. Ba a yanka motar mutum ba da izninsa ba. Amma na tokare casis ɗin da jak da itace, na sa giranda na yanko gefen dama, wurin ɗinkin, kamar faɗin tafin hannu biyu. Na naɗe a tsumma, da safe na hau motar Argungu.

Na tarar da Baba Manu a ƙofar gidansa a kan tabarma. Ya daina aiki da daɗewa, walda ta ci idonsa, sai dai ya ga inuwar mutum. A zamaninsu da gilashin ido na kasuwa ake yi, wani lokaci ma da runtse ido kawai. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na kwance tsumman na sa masa ƙarfen a hannu.

Ya bi shi da babban yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Ya kai ƙugiyar ya tsaya.

"Ina kas samo wanga?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa abin da Isiya ya ce, ban rage ba. Na ce, "Baba, ni dai so nake in ji daga bakinka. Ta sata ce?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ina ne sama ga ƙarhen?"

Na juya masa shi yadda yake a jikin mota. Ya sake shafawa.

"Aikin garejinmu ne, babu musu. Amma ni bahago ne, Garba. Ƙugiyata hagu taka kallo. Wagga dama taka kallo." Ya miƙo mini. "Hannunka ne."

Na karɓa na duba. Dama take kallo.

Na ce akwai sauran yara a garejin. Ya ce ban da shekarar da aka yi wannan ɗinkin. Shekarar da ruwa ya ci fadama ce, ya shiga gari, ya yanke hanya. Wannan ita ce muguwar shekarar da duk mai sana'a a nan yake tunawa. Shinkafa ta nutse, manoma ba su da abin kawo gyara, masu koyo duk suka watse suka koma gida, saura ni da shi. Muka yi watanni muna liƙin tukwane da baro da ƙafar keke. Ƙarfen kirki babu shi a kasuwa ko da kuɗinka. Wannan duk na tuna. Motar ce ban tuna ba, sai da ya bi mini ita daki-daki.

Wani manomi ne, ya ce, jif ɗinsa ta kwana goma sha a ruwa, da aka jawo ta bayanta ya karye. Akwai wata irinta da ta yi hatsari, gabanta ya lalace, bayanta lafiya, mai ita ya sayar da ita a matsayin ƙarfe, da shaidu. Aka haɗa gaban wannan da bayan waccan. A ƙa'ida sai an zura wani ƙarfe a ciki, an kuma ɗora faranti a waje, amma babu. Idonsa kuma a lokacin ya fara ciwo. Sai ya auna, ya ɗaɗɗaure, ya ce in ɗinke baki da baki.

"Na ce ma mai ita, gona da gida kawai, kada ya ɗauki mutane, kada ya hau kwalta. In ƙarhe ya samu ya maido ta mu ƙarasa. Yac ce to."

"Ya maido?"

"Bai maido ba. Na ji ya saishe ta."

Na tambaye shi foti da gwangwani fa. Ya ce wannan ba namu ba ne, na wani ne a hanya, Allah kaɗai ya san hannu nawa ta bi. Ya kuma ce in ajiye maganar sata, mai ita na farko yana raye, in ina so a kai ni. Na ce a kai ni. Ya ce daidai ne, shi ma da haka zai yi. Aka kai ni, manomin ya tabbatar, har ya faɗi lambar motar da ka.

Da na dawo Birnin Kebbi na tarar da Alhaji Bawa a tsakar gidana, yana tsaye a kan ramin da na yanka. Takardu suna hannunsa. Na karɓa na gwada da lambar casis, sun yi daidai. Ya ce ƙauye ya tafi awon shinkafa, babu sabis. Wataƙila gaskiya ne.

Ya ce, "Liƙi nic ce ka yi. Wa ya ce ka yanke min mota?"

Na ce ba wanda ya ce, laifina ne, kuma ba shi kaɗai ne laifina a motar nan ba. Na ba shi labarin duka. Na ce yanzu sai an yanke kamu ɗaya a kowane gefe, an sa sabon ƙarfe, aikin mako uku ne. Ba zan karɓi ladan hannu ba, shi dai ya sayi ƙarfe da sanda.

Ina tsammanin zai ji daɗi. Sai na ga ransa ya ƙara ɓaci. Ya ce mako uku ya yi yawa, shi ranar Juma'a yake so. Na ce aikin rani da saura, gaggawar mece ce? Ya juya ya dubi ƙyaure, ya dubi motar. Daga ƙarshe ya ce akwai wanda ya yi wa alkawarinta. Mutanen wani ƙauye ne a bayan gulbi suka haɗa hannu, suna neman motar da za ta riƙa fito da marasa lafiya da masu haihuwa, don in ruwa ya sauka ƙaramar mota ba ta shiga wurinsu. Wani malamin makaranta, Malam Umaru, shi suka wakilta.

Ashe ba 'yan ƙwadago ba ne, ba kuma dariyar abokan kasuwa yake gudu ba. Ya leƙa ƙasa ne bayan ya saya, ya ga abin da ya gani, yana so ya miƙa wa na gaba kafin ta karye a hannunsa.

Na ce, "Alhaji, yadda take yanzu ko ƙofa ba za ta fita ba sai a kan wata motar. In kana so ka kawo a ɗauka, ka kai wa wanda zai liƙe. Amma duk wanda ya tambaye ni abin da na gani zan faɗa. In kuma ni zan yi, sai mai saye ya zo ya kwanta ƙarƙashinta ya gani da idonsa kafin in sa fenti."

Ya ce shi ma cutarsa aka yi. Na ce na sani. Ya fita bai yi sallama ba. Bayan kwana uku sai ga mai amalanke da ƙarfe.

Ga yadda aikin yake, ku da kuke cewa minti goma. Na daidaita casis ɗin a kan itatuwa har ya kwanta sosai, na ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama, sai da awon ya zo ɗaya. Na ɗinka ƙarafa na wucin gadi a tsakani don kada ya motsa. Na yanke ruɓaɓɓen har sai da giranda ta fara fitar da tartsatsi mai haske, alamar na kai ƙarfe mai rai, domin walda ba ta kama tsatsa, hudawa take yi. Ban yanka a miƙe ba, a karkace na yanka, don nauyi ya rarrabu. Na lanƙwasa ƙarfe na zura a ciki, ya wuce mahaɗa ta kowane gefe. Sannan sabon guntu, sannan faranti a waje mai tsini gaba da baya, da ramuka da na huda na cike da walda. Ba a yin ɗinkin a tashi ɗaya. Ka yi tsawon yatsa a dama, ka koma hagu, ka jira ya huce, ka sake jan zare. In ka yi gaggawa zafi zai murɗe casis, motar ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya har ta mutu. Wuta kuma sai an kawo, in ta zo da rauni sandar ta riƙa mannewa, dole ka ajiye. Da na gama na huda ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya riƙa fita, na ɗura baƙin mai a ciki. Kwana ashirin da huɗu ya ci.

Malam Umaru ya zo da farar riga. Na shimfiɗa masa kwali, ya cire hula ya kwanta, na kwanta kusa da shi na nuna masa komai, har guntun da na kai Argungu. Alhaji Bawa yana tsaye daga gefe yana danna waya. Malamin ya tambaya, "Yanzu za ta ɗauki mutane?" Na ce za ta ɗauka, wurin nan ya fi sauran jikinta ƙarfi. Amma sauran jikin tsoho ne. Duk ƙarshen damina a wanke cikin casis, a kawo mini in bi shi da guduma, ba sai an biya ba. In kuma za su sayar, su gaya wa mai saye cewa mota biyu ce. Ya ce in sha Allahu. Suka koma zaure suka sake ciniki, na ji muryar Alhaji tana tashi, ban shiga ba.

Shekara ta farko sun kawo ta. Ta biyu ma sun kawo, direban har ya ce mini an haihu a bayanta sau biyu kafin a kai asibiti. Ta uku ban gan su ba. Da na gaji da jira na hau babur na je ƙauyen. Na tarar an yi wa Malam Umaru canjin wurin aiki, an kuma yi wa ƙauyen hanya, motar an sayar wa wani mai ɗaukar kaya wajen iyaka. Na tambayi wanda ya yi cinikin ko an gaya wa mai sayen abin da na ce a faɗa. Ya ce an gaya masa. Na ce me aka ce masa? Ya yi ɗan tunani, sannan ya ce an ce masa casis ɗin sabo ne.